Ruwa Ya Yi Gyara

A duk faɗin ƙasar Kazaure, daga Roni har ka dangana da Babura, babu wanda ya kai ni sanin ruwa. Ni na horar da gwanin ninkayar nan da kuka riƙa jin labarinsa a rediyo, wanda ya yi shekara da shekaru yana wakiltar jiharmu a gasar masu buƙata ta musamman, ya yi kudu ya yi arewa, ya tara lambobi har ƙusar da ake rataye su ta lanƙwashe. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk lambar da ke bangon ɗakinsa rabinta tawa ce. Ina faɗar haka a majalisa, ina faɗa a gidan suna, na taɓa faɗa wa likita yana tsakiyar cire mini haƙori.

To, amma tunda rubutu ne, kuma maiɗakina ta iya karatu, bari in rage wa miyar gishiri. Ban iya iyo ba. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na kwatar bayan kasuwa, shi ma ba da niyya ba, babur ne ya zame. Horarwar da nake cika baki da ita kuwa, akasarinta turin keke ce.

Auta muke ce masa. Cutar shan inna ta kama shi yana ɗan yaye, ƙafafunsa suka tsaya a nan, sauran jikin ya ci gaba abinsa, Allah kuma ya mayar masa da abin a kafaɗu. Yana da keken guragu irin mai tuƙi da hannu, amma hanyar dam ɗin garinmu akwai hawa, to nan nawa aikin yake: in tura shi har bakin ruwa, in sami dutse in zauna da karan rake. Wani tsohon masunci ne ya fara ɗora shi a kan gora, irin wanda suke kifa ciki a kai su shiga tsakiya. Wata rana goran ya suɓuce ya yi gabas, Auta ya yi yamma. Na miƙe a kan dutse ina salati ina ihu. Da na lura yaron ba nutsewa yake ba, tafiya yake yi, sai na mayar da ihun umarni: "Haka! Hannun dama! Yanzu na hagu!" Tun daga ranar na zama koci, kuma har yau babu wanda ya kawo mini takardar sallama.

Sai dai kafin ku gane abin da ya kusa kashe wannan harka tun ba ta yi ƙafa ba, sai kun san Babanmu. Baba yana iya yafe maka ka fasa tulu, yana iya yafe maka faɗuwa jarrabawa, amma babba ya gaishe ka ka amsa a tsaitsaye kana tafiya, ranar sai maƙwabta sun shigo ceto. Auta ba ya iya dirowa daga keke ya durƙusa kamar mu, sai ya biya da baki. Gaisuwarsa ta fi ta kowa tsawo a unguwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi jikin da ya warke tun bara. A dam ma haka. Masunta, masu wanki, makiyayan da suka kawo shanu shan ruwa, duk wanda ya ɗaga murya daga gaɓa ya ce sannu, sai ka ga kan Auta ya ɓullo ya amsa, sannan ya koma. Babu wanda ya taɓa ganin aibun hakan. Dam ba ta gudu, babu kuma mai riƙe da agogo.

Auta ya gama sakandare, gemu ya fara tsiro masa, sai Baba ya yanke shawara. Ya yi magana da wani mai gyaran waya a bakin tasha, Auta zai zauna a rumfarsa ya koyi sana'a, zancen dam kuma ya ƙare. A daidai lokacin ne wani mai horar da 'yan wasa, na gaske, ya zo daga Dutse ganin dangi, ya hango wani abu yana tsaga ruwa, ya tambaya ko injin aka saka wa kwalekwale. Washegari ga shi a zaurenmu. Ya ce za a yi gwajin zaɓen waɗanda za su wakilci jiha, a Kano za a yi don can ake da kwamin ninkaya, kuma mutum biyu za a ɗauka a rukunin su Auta.

Baba ya ce, "Iyo sana'a ce? Kifi ma da aka haifa a ciki, ƙarshensa kasko."

Na ga yadda Auta ya damƙe hannun kekensa. Umma ce ta yi aikin daga bayan labule, kwana da kwanaki, har Baba ya sauko rabi. Ya ce a je sau ɗaya. In an ɗauke shi, Allah ya ba da sa'a. In ba a ɗauke shi ba, rumfa, kuma kada wanda ya sake ambata masa ruwa sai na alwala.

Na ce, "Baba, ni zan raka shi, in kawo maka labari tiryan-tiryan."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai? Kai da in ka ga ƙadangare a tasha, kafin ka iso gida ya zama kada? Kawunku zai bi ku. Abin da ya faɗa shi zan ji."

Kawu wan Umma ne, mai sayar da shanu a Gwiwa. Dogo, farin gemu, sanda a kafaɗa, ga murya wadda in ya kira sa a wannan gefen kara, na wancan gefen ma sai sun waiwayo. Yana son Auta kamar ransa. Mutumin Gwiwa ne kuma, ƙarfafa gwiwa a jininsa take.

Damina ce, an kwana ana ruwa, muka kama hanyar Kano da sassafe, keken Auta a ɗaure a saman mota. Da muka shiga wurin, ni kaina sai da na yi shiru, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Ruwa shuɗi kamar an zuba bula, kana ganin ƙasansa tar, yana warin magani, an ja igiyoyi an raba shi layi-layi. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duk wannan ruwa, babu mai shayar da dabba a ciki? Kai, mutanen birni."

Kocin nan na Dutse ya yi mana bayani. Da safe zagayen tankaɗe, da yamma na ƙarshe. A je bango a dawo. Masu ƙafa za su yi tsalle daga sama, su Auta kuma a cikin ruwa za su fara, suna riƙe da baki. Rabon Auta ya faɗo a layin gefe, dab da ƙarfen da ya raba 'yan kallo da ruwa. A lokacin murna na yi, na ce za mu gan shi da kyau.

Aka busa usur. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kafin sauran su gama jiƙewa Auta ya ba su tazarar da za a iya shanya zani a ciki. Ina tsalle ina faɗa wa na kusa da ni cewa ɗalibina ne. Sai na ji murya ta tashi a gefena, har kwanon rufin wurin ya amsa.

"Auta! Sannu da aiki!"

Kan Auta ya ɓullo. "Yauwa Kawu, sannu!"

Kawu ya gyara sanda ya fara bin ƙarfen, yana tafiya daidai da shi. "Ya ruwa?"

Kun san gaisuwar damina ce, kuma amsarta ɗaya ce tun kaka da kakanni. Ƙanena, a tsakiyar gasar da rayuwarsa ta rataya a kai, ya tsayar da hannu, ya juyo da fuska sosai don kada ya amsa wa babba a karkace, ya ce:

"Ruwa ya yi gyara, Kawu!"

"Madalla! Ya sanyi?"

"Da sau..." Sauran kalmar ta tafi tare da ruwan da ya kai rabin tulu.

Wani ɗan Haɗeja mai hannu ɗaya ya wuce shi fuu. Wani ya bi. Wani ma ya bi. Kocin yana can ɗaya gefen ya cire hula yana dukan cinyarsa da ita. Allah ya taimaka wani tari ya sarƙe Kawu, a cikin wannan ɗan sararin Auta ya ja jiki ya taɓa bango. Da ƙyar da jiɓin goshi ya shiga zagayen yamma, shi ne na ƙarshen waɗanda suka tsallake.

Muka fito da shi, yana tari yana fitar da ruwa ta hanci. Kocin ya iso yana huci.

"Wa ya ce ka yi magana? Gidan suna ka zo?"

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, kawuna ne fa."

"Ko kakanka ne! A ruwa ba a magana!"

"Ya gaishe ni in yi masa shiru? A gaban mutane?"

Ɗan Haɗejan nan yana gefe yana goge jiki da tawul, ya ce, "Ɗan Kazaure, don Allah anjima in kun haɗu ka tambayar mini shi ya mutan gida. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi sauri." Wurin ya ɗauki dariya. Auta ma ya yi, amma dariyar ba ta kai ido ba.

Kocin ya ce a je a gaya wa tsohon ya yi shiru. Na ce masa ni dai ina son sauran shekaruna. Ya ce shi zai je da kansa, aikinsa ne. Muna kallonsa ya tafi da saurinsa, yana isa gaban farin gemun nan sai saurin ya ragu, sai ga shi a durƙushe. Suka daɗe. Ya dawo da goro a hannu.

Na ce, "Ya ake ciki, ka faɗa masa?"

Ya ce, "Ya ce ya lura yaron yana jin daɗin ƙarfafawar, da yamma zai ƙara."

Aka shiga neman dabara. Kocin ya kawo shawarar a toshe wa Auta kunne da auduga. Auta ya ce wannan ai ya fi rashin amsawar muni, ka toshe kunne don kada ka ji kawunka, da wane ido zai kalli Umma? Na je na lallaɓi Kawu, na ce tunda mun shigo birni, me zai hana in kai shi kasuwa ya duba wa iyali atamfa, kafin mu dawo an gama. Ya ce, "Ubanku amana ya ba ni. Ido ya aiko, ba kunne ba. Nan zan zauna." Ya shimfiɗa buzunsa a gindin ƙarfen.

Bayan azahar na sami Auta a inuwa, a kan kekensa, ya tasa kwanon shinkafa a gaba bai taɓa ba. Ya ce, "Yaya, ka san rumfar nan ko taga babu?" Ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan komai ba, ko a kan ƙafafunsa. Na zauna na ja kwanon gabana, don ni tunani ba ya zo mini da yunwa. A loma ta nawa ban sani ba, karatun Islamiyya da na yi zaton ya bi iska ya dawo mini.

Na ce, "Auta, in mutum ya yi wa jama'a sallama, ɗaya ya amsa, ba ta faɗi a kan sauran ba?"

"Ta faɗi."

"To ni da kai jama'a ne. Ka yi iyonka, ni zan amsa."

Ya ce, "Ai wannan sallama ce, Yaya. Kawu sannu yake cewa."

"Sannu ƙanwar sallama ce, ɗakinsu ɗaya. Kuma ka taɓa ganin an je gaisuwa fada sarki ya amsa da bakinsa? Ba na gefe ne ke amsawa ba? Wa ya taɓa cewa sarki ba shi da tarbiyya?"

"Ni sarki ne?"

"Daga usur zuwa bango, kai ne. Kana fitowa ka koma talaka."

Ya yi dariya, ta gaske wannan karon. Sannan ya kafa mini sharaɗi. In amsa kowace gaisuwa cikakkiya, ban da yankewa, ban da ƙunƙuni irin wanda nake yi wa Baba da asuba. Kuma in ɗaga murya yadda zai ji daga cikin ruwa cewa an amsa. In ya ji an bar guda ɗaya a ƙasa, zai ɗago ya ɗauka. Muka tafa. Kawu kuwa babu wanda ya gaya masa komai. Wa zai fara?

La'asar sakaliya aka jera su. Don shi ne na ƙarshe da safe, layin gefen nan aka sake ba shi. Na tsaya a kafaɗar Kawu, na sha ruwa, na gyara maƙogwaro. Usur ya tashi.

"Auta! Sannu da ƙoƙari!"

Na buɗe baki iya ƙarfina. "Yauwa Kawu, sannu kadai!"

Kawu ya waiwayo ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Ya matsa gaba. Na bi shi. Kan Auta yana ƙasa, hannuwa suna aiki.

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara!"

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya!"

"Kai, wa ya kasa da kai?"

"Lafiya lau, Kawu!"

Ya ƙara sauri don ya rabu da ni, babbar riga tana kaɗawa, ni kuma ga tumbi, ga silifas, ga 'yan kallo sun bar kallon ruwa sun koma kallonmu. Wata mata ta ɗauke ɗanta daga hanya. Auta ya taɓa bangon can ya juyo yana na uku, ɗan Haɗeja a gaba, wani dogo mai ƙafa ɗaya a tsakaninsu. Muka juyo mu ma.

A nan ne Kawu ya yi abin da ba mu shirya masa ba. Ya tsaya cak, ya dafa ƙarfe, ya sunkuya, muryarsa ta sauya.

"Auta! Ba ka ji na ne?"

Wannan ba gaisuwa ba ce, tambaya ce, kuma ta mai jin ciwo. Na ga hannun Auta ya yi sanyi a sama. Na ga ƙeyarsa ta fara tasowa. Rumfar nan marar taga ta gifta mini a ido. Ban san lokacin da na ɗaga hannu sama kamar bafade ba, na kwarara wata murya da ban san ina da ita ba, wadda na tabbata an ji ta a Ɗambatta:

"Yana ji, Kawu! Auta ya gaishe ka! Ya ce a gaida mutan Gwiwa!"

Ƙeyar ta koma.

Abin da ya biyo baya, in na faɗa za ku ce na fara halin nawa. Amma ruwan da Auta ya tayar a wannan ɗan taƙin ya jiƙa mutanen da ke layi na uku na kujeru. Ya kamo dogon nan a hankali, kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, suka miƙa hannu tare. Ɗan Haɗeja ya riga ya isa. Masu agogo suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Sannan ɗayansu ya ɗaga yatsu biyu, ya nuna layin gefe.

Auta bai ma ga wannan ba. Yana riƙe da bakin kwami da hannu ɗaya, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, ya nemo fuskar Kawu, ya fara ramuwa kamar mai ramakon salla, ɗaya bayan ɗaya, a jere yadda aka yi su.

"Yauwa Kawu... sannu. Ruwa... ya yi gyara. Ba gajiya. Ina jin ka, Kawu... wallahi ina jin ka."

Kawu ya share ido da bakin rawani, ya ce maganin ruwan nan yana da yaji. Ɗan Haɗeja ya kutso ta ƙarƙashin igiya ya rungume Auta da hannunsa guda, ya ce, "Ka ci amanata, ba ka tambayar mini mutan gida ba." Kocin kuwa ya rasa abin yi, sai ya ciro goron ɗazu ya ɓare ya ba ni rabi.

A Kano muka kwana, washegari da hantsi muka iso gida. Baba yana zaure a kan tabarma, Umma kuma na san tana bayan ƙofa don na ga labulen yana numfashi. Ko zama ban gama yi ba na fara. Na ce mutum ya fi dubu. Na ce ɗan Haɗeja aljanin ruwa ne ya aure shi. Na ce ba don wata dabara da Allah ya sanya a kan wani bawansa ba, wanda kunya ba za ta bar ni in ambaci sunansa ba... Baba ya ɗaga hannu, na haɗiye sauran. Ya juya wajen Kawu.

Kawu ya ajiye sanda. "Malam, yaron nan kifi ne. Na gani da idona. An ɗauke shi."

Baba ya daɗe yana kallon Auta. Auta yana kallon tabarma. Can Baba ya ce, "To. Allah ya sa albarka. Sai a je a ba mai rumfa haƙuri." Daga bayan labule aka ji wata 'yar guɗa da aka danne da mayafi.

Na gyara zama, na karkata hula, don na san yanzu za a zo kaina. Kawu kuwa ya juyo ya nuna ni da haɓa.

"Sai dai wannan ƙaton, Malam, ka yi masa faɗa. Ba shi da ta ido ko kaɗan. Ina gaisawa da yaro, yana ta tsoma mini baki."